Ikilima Mai Ƙoda da Shanun Dutse

Zangon Tanko gari ne na rairayi. Mutum zai taso daga Dungas a kan amalanke, ya ratsa gonakin hatsi da na wake da na gyaɗa har ya iso, bai ga dutsen da zai jefi kare da shi ba. Shi ya sa dutse yake da daraja a garin. Dutsen niƙa gado ne, uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika, kuma in ana rabon kayan mamaciya a kansa ake fara ɗaga murya. A zamanin da Ikilima take ganiyar ƙarfinta gidaje sittin da huɗu ne a garin, duwatsun niƙa saba'in da ɗaya, babu ko guda da bai san hannunta ba.

Sana'arta ƙoda. Yaran yanzu da suka tashi da inji sai an yi musu bayani. Dutsen niƙa in ya sha aiki yakan yi sulɓi, hatsi ya dinga zamewa a kansa, mace ta niƙa ta niƙa har kafaɗa ta ƙage, gari bai cika tafin hannu ba. To sai a kira mai ƙoda. Ta zo da maƙodi, wato dunƙulen dutse mai tauri kamar girman goriba, ta zauna ta miƙe ƙafa ɗaya, ta shiga ƙwanƙwasa fuskar dutsen a hankali, ɗigo bayan ɗigo, har ya sake yin kaushi kamar harshen saniya. Kowace mace ta iya ƙoda daidai gwargwado, amma ta Ikilima daban ce. Wasu sukan ƙode tsakiya su bar gefe, dutse ya yi kwari ya lalace. Ita daga baki zuwa baki take bi, ba ta tsallake wurin da ya kai ƙwayar wake. In ta gama sai ta rufe ido ta shafa da tafin hannu, in ta ji santsi ko kaɗan ta koma. Ladanta tiyar hatsi, wani gidan rabin tiya da fura, gidan da babu kuwa addu'a ta wadatar.

Mahaifinta Mamuda manomi ne mai shanu, irin waɗanda damina take samu a gona, rani ya same su a bayan garke. A lokacin ba shi da ɗa namiji da ya isa kiwo, sai aka ba Ikilima sanda tun ba ta kai tsayin maraƙi ba. A wajen kiwon ta san Dutsen Shanu. Arewa da gari yake, bayan burtali, kuma a duk karkarar shi kaɗai ne: falalen dutse baƙi, a kwance, faɗinsa ya kai masussuka huɗu, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Wanda ya zo da rana tsaka zai taka shi ya wuce, ya rantse babu komai a kai. Sai da sassafe in rana ta haska shi a kaikaice, ko bayan yayyafi, sannan shanun da aka zana a jikinsa suke fitowa a gefen gabas. Goma sha tara ne, masu dogayen ƙahoni. Akwai raƙuman dawa biyu, da mutane uku riƙe da wani abu kamar sanda, da wani abu guda da ba a taɓa daidaitawa a kansa ba. Ikilima ta ce jimina ce. Taubashinta Altine, ɗan kawunta da suka yi kiwo tare, ya ce tulu ne aka ɗora a kan sanduna biyu, kuma sun tsufa suna wannan musu.

Babu wanda ya san wanda ya yi zanen. Tsofaffi sun ce aikin mutanen farko ne, kakan kakansu ma haka ya tarar. Ba a yanka a wurin, ba a roƙon komai, liman bai taɓa cewa uffan a kai ba. Makiyaya dai sukan zauna su sha fura su tashi. Ikilima takan tsiyaye ruwan gorarta a kan wata saniya mai maraƙi a gindi don ta fito sosai, ta wuni da ƙishi, ta sha faɗa a gida.

Ranar da kakarta ta fara damƙa mata maƙodi, ta ɗan bubbuga, ta dubi ramukan da suka fito, sai ta ajiye ta ruga Dutsen Shanu. Irinsu ne sak. Ba yanka dutsen aka yi ba, ba goge shi aka yi ba, ƙwanƙwasawa aka yi, ɗigo bayan ɗigo. Tun daga ranar take ce wa mutanen farko abokan sana'a. In ta wuce ta wurin takan yi musu sannu da aiki, Altine ya ce wata rana za su amsa mata, ya ga inda za ta sa kanta.

Ta yi aure a garin, ga Adamu, manomi mai sanyin hali. Ta haifi bakwai, huɗu suka rayu. Adamu ya rasu tana da sauran ƙarfi, ta riƙe gidan da gona ɗaya da tumaki da maƙodi. Har Kwaya da Bande ana aiko mata amalanke in biki ya matso, ta kwana biyu can ta dawo da buhu.

Sai inji ya zo. Na farko a bakin kasuwa aka kafa shi, na biyu kusa da rijiya. Duwatsu saba'in da ɗaya suka koma talatin, suka koma goma sha biyu, suka koma biyar. Sauran ba a jefar ba, dutse ba abin jefarwa ba ne a Zangon Tanko: wani ya zama mazaunin alwala, wani aka kifa shi a bakin ɗaki saboda ruwan sama, wani kaji suke shan ruwa a kwarinsa. Biyar ɗin na tsofaffi ne da suka ce garin inji warin man gazuwal yake, da mai haɗa magani guda. Ikilima ba ta yi wa inji baƙin ciki ba, ta san abin da niƙa yake yi wa ƙugun mace. Ta dai nannaɗe maƙodanta uku a tsumma ta sa a ƙarƙashin gado, in an kira ta je, in ba a kira ba ta yi kaɗi.

A bazarar da wannan abu ya faru ta haura saba'in. Wata safiya ta kora tumakinta wajen burtali, sai ta tarar an kafa turaku masu jan fenti kewaye da Dutsen Shanu. Ta ƙirga, goma sha huɗu. Kafin ta dawo gari labari ya riga ta: za a yi hanyar burji, ɗan kwangila yana neman tsakuwar da zai zuba gadoji da magudanan ruwa, kuma dutse mafi kusa shi ne wannan. In ba shi ba sai kamiyo, babbar motar kaya, ya yi doguwar tafiya arewa.

Gari ya yi murna, ita ma ta yi. Ta san matan da naƙuda ta tsananta musu a kan amalanke kafin a kai Magariya, ta san waɗanda ba a kai da su ba. Ba hanya take ƙi ba. Ta je wajen mai gari ta durƙusa ta ce a fasa yamma da kudu da arewa, kashi uku ke nan cikin huɗu, a bar mata gefen gabas inda shanun suke. Mai gari ya ce shi da bakinsa ya roƙi haka, aka ce masa duka ma da kyar zai isa, kuma magana ce ta gwamnati, shi sanar da shi kawai aka yi. Ta je wajen liman, ya ce ta yi haƙuri. Ta je wajen mai kula da ma'aikatan ɗan kwangila, wani dogo mai hular kwano, ya saurare ta da ladabi, ya tako dutsen da rana tsaka ya duba, ya ce shi dai bai ga saniya ba, amma Allah ya ƙara wa Iya lafiya.

Altine ne ya tuna mata da autanta. Mahdi yana kabu-kabu da moto, wato babur, a Magariya, mutum ne mai jama'a, babu wanda ya hau bayan motonsa ya sauka bai bar masa lamba ba. Da aka kira shi sai ya ce ai ya taɓa ɗaukar wani malamin jami'a, Mushe Abdoul Razak (mushe ake ce wa malamin boko a can), ɗan asalin Bande, wanda aikinsa ke nan binciken kayan mutanen da. Washegari Mahdi ya zo da azahar, ya ɗauki hotuna da salula a gurguje don fasinja na jiransa, ya tura.

Amsar ta zo ta wayar Altine, Ikilima tana zaune a gindin bishiyar bedi a ƙofar gidansa.

"Inna, mushen ya ga hotunan," in ji Mahdi. "Ya ce in da gaske tsohon abu ne, akwai doka, zai rubuta a hana taɓa wurin. Har ya kira magajin gari, an ce 'yan aiki su fara ta yamma, su dakata da gabas sai ya zo. Amma ya ce bai ga komai sosai ba. Wai zanen ya shafe, dutsen ya yi sulɓi."

"Sulɓi ya ce?"

"Haka ya ce. In an gama jarrabawar ɗalibai zai zo da kansa."

"To ai da sauƙi," in ji Ikilima.

Ta miƙa wa Altine wayarsa, ta tafi gida ta jawo tsumman nan daga ƙarƙashin gado.

Duk wanda ya tashi a Zangon Tanko ya san abin da ake yi wa dutsen da ya yi sulɓi. Ya kuma san ba a tarar baƙo da tsakar gida ba shara. Saboda haka da aka ga Ikilima ta fita da sassafe da maƙodi da tabarma, babu wanda ya ce mata me za ki yi. Mai gari ya ce madalla, haka ake so, mutum ya zo ya ga abu fes ya rubuta. Mata suka raba kwanakin kai mata fura. Matan gidan liman suka zo da tsintsiya da ruwan kanwa suka wanke gefen gabas tas. Altine ya kafa mata rumfar karan dawa, yana matsar da ita in ta matsa, bakinsa kuwa bai huta ba.

"Baiwata," ya ce, "shanun da ba a tatsa kike yi wa bauta. Nawa masu nono ko ciyawa ba ki taɓa yankar musu ba."

"Naka uku," ta ce ba ta ɗago ba. "Biyu tari suke, ɗayar ta girme ka."

Da saniya mai maraƙi ta fara. Ta bi layin baya, ta gangaro wutsiya, ta hau ƙaho, tana sa kowane bugu a cikin ramin da mutanen farko suka bari, ba ta kauce ko da faɗin tsinke ba. Inda ido ya kasa gani ta rufe shi ta bi da yatsa. Dutsen ya fi na niƙa tauri nesa ba kusa ba. Maƙodi na farko ya tsage a saniya ta bakwai, na biyu ya cinye har ya kasa riƙuwa a raƙumin dawa, da na ukun ta ƙarasa. Yatsunta suka fashe, ta ɗaure da tsumma da man kaɗanya ta ci gaba. Can gefen yamma 'yan aiki sun fara fasa, ana jin gudumarsu da ƙarar injinsu, nan gabas ana jin nata ƙwas ƙwas ƙwas, har ɗaya daga cikinsu ya ce tsohuwar nan ta fi su zuwa aiki da wuri.

Da ta gama, daga burtali ma ana hango su. Shanu goma sha tara farare tas a kan baƙin dutse, da raƙuman dawa, da mutane uku, da jimina ko tulu. Mutanen da aka haifa a garin suka tsufa ba su taɓa ganinsu duka a lokaci guda ba suka fito kallo. Mai hular kwano ya zo ya riƙe ƙugu ya ce lallai akwai shanu. Ranar Ikilima ta yi barci tun kafin la'asar.

Mushe Abdoul Razak ya iso da hantsi a bayan moton Mahdi. Mutum ne siriri mai furfura a gemu, da jaka a kafaɗa. Ya gaida mai gari, ya durƙusa ya gaida Ikilima, ya sha ruwa, ya tambayi shanu da gona da jikoki. Kafin a tashi ya ciro salularsa ya nuna mata irin abin da yake nema. Ga raƙuman dawa a jikin dutse can ƙasar Abzin, sun fi mutum tsayi. Ga shanu a wani kwari cikin hamada inda yau ko ciyawa babu. Ga barewa daga kudancin Afirka, ga kifi da tafin hannu daga wata ƙasa bayan teku. Ya ce kusan ko'ina a duniya mutanen farko sun bar irin wannan, amma a nan ƙasar rairayi bai taɓa jin labarinsa ba, shi ya sa ya kasa zama. Ikilima ta duba da kyau, ta ce aikinsu ya yi, sai dai duk suna bukatar hannu, sun yi duhu. Ya yi dariya, ya zaci wasa take.

Rabin gari ya raka su. Da suka fito daga burtali ya hango farin zanen, sai ya rage tafiya. Ya ƙaraso bakin dutsen ya tsaya. Mutane suna jira ya ce masha Allah. Ya sauke jakarsa a ƙasa, ya tsuguna, ya taɓa ƙahon saniya, ya dubi farin garin da ya manne masa a yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Mutanen farko," in ji mai gari.

"A'a, ranka ya daɗe. Farin nan."

"Ni ce," in ji Ikilima. "An ce ka ce ya yi sulɓi, shi ne na ƙode maka."

Sai ya roƙi a ɗan ja baya, ya ciro wani gilashi mai ƙara girman abu, ya kwanta rub da ciki a kan dutsen da rigarsa mai tsabta. Ya bi saniya ta farko daga hanci zuwa wutsiya. Ya ja jiki zuwa ta biyu. Rana ta take, dutse ya ɗau zafi, mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, shi yana nan yana jan ciki. Ya bi sha tara ɗin duka, ya bi raƙuman dawa, ya bi mutanen. Altine ya buɗe baki zai tambaye shi jimina ce ko tulu, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

Da ya tashi sai ya zo ya zauna a ƙasa gaban Ikilima, a inuwar rumfar.

"Iya, dutse yana da fata," ya ce. "Rana da ruwa da iska suke yi masa ita, a hankali ƙwarai. In aka sassaƙa shi yau, ramin fari ne. In ya yi shekaru dubbai, cikin ramin yakan koma baƙi kamar sauran jikin. Da baƙin nan muke nuna wa hukuma cewa abu ya tsufa."

"Wato dattin da na cire."

"Shi."

Ta dubi yatsunta da suke ɗaure.

"Na duba ko kin tsallake wani wuri," ya ce. "Ko tsawon ɗan yatsa ne, ko ƙarshen wutsiya. Da aikinki na ganganci ne da mun samu."

"Ban iya shi ba," in ji ta.

Mahdi ya shiga rantsuwa cewa shi abin da aka faɗa masa ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Mushen ya ce gaskiya ne, kalmarsa ce, shi ya kamata ya ce kada kowa ya taɓa, bai kawo a ransa ba. Ya ce abin da yake nufi, hoton rana tsaka ba ya nuna komai. Da ya zo da asuba, ko ya yayyafa ruwa, da sun fito. Ikilima ta ce ta san wannan tun tana yarinya.

Mai gari ya ce ai gari guda shaida ne, tsofaffi nawa ake so su rantse, za a kawo. Mushen ya ce shi ya yarda ɗari bisa ɗari, siffar ƙahonin ma ta isa ta gaya masa, kuma zai rubuta duk abin da tsofaffi suka faɗa. Ya zauna har la'asar yana ɗaukar maganarsu, mutum goma sha ɗaya. Ya auna, ya ɗauki hoto, ya kwafi zanen a takarda. Amma bai ɓoye musu ba: waɗanda za su sa hannu suna can birni a biro, wato ofis, hoto za su duba, za su ga farin rami da sabon gari a ciki, su ce aikin makon jiya ne, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ba. Hotunan Mahdi na farko kuwa baƙin dutse ne kawai da inuwar kansa.

Bayan tafiyarsa Ikilima ta ce in baƙi ake so, ai baƙi ba ya wuya. Ta daka gawayi ta kwaɓa da man gyaɗa ta cusa a ramukan saniya mai maraƙi. Ya fito baƙi ƙirin yana ƙyalli, ya fi jikin dutsen duhu, kiyashi suka taru. Ta wanke. Ta jiƙa bagaruwa da tsatsar ƙarfe irin yadda dukawa suke rina fata, ta shafa, ya bushe ya yi shuɗi-shuɗi. Altine ya kawo ɗanyen kashin shanu ya ce a lulluɓe a bar shi ya kwana uku, haka bangon ɗaki yake tsufa. Aka gwada a raƙumin dawa. Da aka ɓanɓare, farin yana nan, sai wari. Mahdi ya kira mushen ya faɗa masa, ya ce don Allah a bari, duk abin da aka ƙara ƙara ɓata maganar yake. Ikilima ta tambaya ta bakin Mahdi, shin in an bar shi haka, shekara nawa fatar za ta dawo. Ya ce ba a zamanin jikokin jikokinta ba.

Aka shiga jira. 'Yan aiki suka cinye yamma, suka cinye kudu. Kullum kamiyo uku suke zuwa su tafi da lodi. Ikilima ta daina kaɗi, ta daina zuwa gidan suna. Da safe ta kora tumaki ta zauna a rumfar da Altine ya kafa, ta ga yadda ramin yake matsowa. Mai hular kwano yakan zo ya gaishe ta, ya ce takarda ta zo? Ta ce ba ta zo ba. Ya ce shi ma ana matsa masa, damina ta ƙarato, in ruwa ya sauka ba a zuba gadoji ba aikin shekara ya tashi. Ta ce ta sani. Suka cinye arewa.

Mushe Abdoul Razak ya kira ran wata Laraba. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce ya kai, ya bi, ya koma, an ce babu hujjar da za a tsayar da aikin hanya a kanta. Ya ce zai ajiye hotunan da maganar tsofaffi, ɗalibansa za su gani. Ya roƙi a ba shi Iya ya ba ta haƙuri. Altine ya miƙa mata wayar, ta karɓa ta riƙe a kunne, ta ce ba komai, Allah ya saka da alheri, ya gaida gida.

Ranar da za a fara fasa gabas, Altine ya ce kada ta je. Ya ce ta zauna a gida, shi zai je ya dawo ya ba ta labari, ko ta tafi Magariya wajen Mahdi ta kwana biyu. Da ya ga ta ɗauki mayafi, sai ya jawo sandarsa ya bi ta, bai yi mata tsiya ko ɗaya ba a hanya.

Sun tarar an cire rumfar an jingine ta gefe. Samari biyu suna jan igiyar injin fasa dutse zuwa gabas, na uku yana zuba masa mai. Farin zanen ya sa aikin ya zo musu da sauƙi, mai hular kwano yana nuna musu da ƙafa: ku fara daga wannan, ku bi ta wuyan waccan. Da ya ga Ikilima sai ya sauke ƙafar, ya cire hularsa, ya mayar.

Ta tako har bakin dutsen ta tsaya, yatsun ƙafarta suna taɓa shi. Yaron da yake riƙe da injin ya ɗora bakin ƙarfen a gadon bayan saniya ta farko, ya gyara tsayuwa, sannan ya waiwayo ya gan ta.

"Iya, ɗan matsa baya," ya ce, "kada tsakuwa ta same ki a ido."

Ta matsa.